Ƙusar da Aka Cire daga Na'urar Wana

Shekaruna saba'in da shida a bana, kuma yau wata biyar da 'yan kwanaki ke nan tun da muka kai wana makwancinsa a nan garin Lafiya. Ban yi niyyar ɗaukar alƙalami a kansa ba, domin a gidanmu ba a saba yabon mamaci a takarda ba. Addu'a ake yi masa, a kame baki. Abin da kunnuwana suka ji a zaman makokinsa, da abin da idanuna suka gani a shagonsa bayan haka, su suka tilasta mini. Idan na yi shiru, ba abin da zai rage na wannan bawan Allah a bakin mutane sai dariya.

Tun ranar farko aka soma. Wani tsohon ma'aikaci, wanda wana ya yi shekaru yana gyara masa keken rubutu a ofis, ya zauna a tabarma ya shafa addu'a, sa'an nan ya ce, da murmushin da ya so kowa ya gani: "Allah ya jiƙan Injiniya. Mutumin kirki, sai dai wasan yara ya bi shi har tsufa." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, a gabana, a ƙofar gidan ubanmu. Wani attajiri daga cikin kasuwa kuwa bai ko sauke hannuwansa daga addu'a ba ya karkato ya tambaye ni a kunne, wai gaskiya ne akwai jan ƙarfe da yawa a cikin abin nan da marigayi ya haɗa? Samari suna jingine da bango suna danna waya, ba sa ɗaga kai sai an shigo da abinci. Mutum guda na ga ya yi kukan da ya fito daga ciki, ita ce wata dattijuwa 'yar Keana mai sayar da gishiri, maƙwabciyarsu. Ta durƙusa a bakin rumfa tana cewa, "Baba ya yi wa jikana bargo lokacin da sanyi ya kama shi. Bai karɓi komai ba. Ya ce in kawo tsohon zani kawai." Ba wanda ya saurare ta. An fi kula da wa ya sami nama, wa bai samu ba.

To, bari in faɗi wane ne wannan da aka yi wa dariya.

Wana ya girme ni da shekara biyar. Ni na bi hanyar takarda har na yi ritaya ina magatakarda, shi kuwa ya bi hanyar ƙarfe: keken ɗinki, keken rubutu, agogon bango, duk abin da ke da haƙori da dunƙule. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da igiyar awo a wuya, kuma aljihun rigarsa kullum a yage yake saboda nauyin kusoshi. Bai taɓa jefar da noti ba. Yana da gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da irin abin da ke cikinsa, kuma idan ka mayar da noti cikin gwangwanin da ba nasa ba, zai fi jin zafi bisa ga a ce ka taka masa ƙafa. Maganarsa guda ce a kan kowace matsala, ko ta ƙarfe ko ta aure: "A auna tukuna." Sa'ad da kekunan rubutu suka mutu, sa'o'insa suka koma gida suka zauna a inuwa. Shi sai ya sayo wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, ya zauna gabanta da furfurarsa yana koyo kamar ɗan aji ɗaya.

Matarsa, wadda nake kira Hajiya, ita ce mai ɗinkin bargo. A haɗa ƙyalle biyu, a shimfiɗa auduga a tsakaninsu, a bi su da allura da zare har su zama abu guda. Wannan ita ce sana'arta tun tana amarya. Zayyanarta guda ce, kuma duk unguwa an san ta da ita: yaɗon doya, ganye na bin ganye, kamar yadda ake ganinsa a gonakin Agyaragu idan damina ta kankama. Shekara arba'in tana yin haka, har ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta ya lanƙwashe su. Ranar da allura ta faɗi daga hannunta sau uku a jere, ta tattara kayan ta sa a adaka. Wana ya gani. Washegari ya ɗauki igiyar awo ya shiga shagonsa na jikin zaure.

Shekara biyu ya yi yana haɗa na'urar ɗinkin bargo. Ya ƙera firam na katako mai faɗin gado, inda ake ɗaure bargo a miƙe. Ya ɗora kan tsohon keken ɗinki bisa wani ɗan amalanke mai tafiya a kan dogo, dogon kuwa na tagar gilashi ne da aka cire daga wani gini. Ƙananan injunan da ke tura amalanken gaba da baya, dama da hagu, ya ciro su ne daga matattun na'urorin kwafe takardu. Wuta kuwa daga faifan hasken rana da batirin babbar mota, don haka aikinsa na hantsi ne zuwa la'asar. Duk wanda ya leƙa zai ce tarkacen juji ne aka tara, kuma da yawa sun faɗa.

Amma ƙarfen ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce koya wa na'urar ganyen doya. Na same shi wata rana ya shimfiɗa tsohon bargon Hajiya a ƙasa, ya ɗora masa takarda mai ƙananan gidaje, yana huda ta da tsinke a kan kowane sukan allura. Sa'an nan ya ƙirga: gida kaza zuwa dama, gida kaza zuwa sama. Lambobin ya rubuta a littafi, daga littafi ya shigar cikin kwamfuta da yatsa ɗaya.

Na ce masa, "Yaya, haka za ka ƙirga bargo guda har ya ƙare? Ai sai ka mutu ba ka kai tsakiya ba."

Ya ce, "Ganye biyar kaɗai zan koya mata. Sauran sai in ce ta maimaita. Ita ba ta da ido, ƙirga take yi. Kai ma da ka yi magatakarda ai ba kowace wasiƙa kake ƙirƙira ba."

Ta maimaita ɗin, amma ta yi ƙarya. Layin farko ya fito daidai. Na biyu ya goce da kaurin gashi, na uku ya ƙara, kafin a kai na goma yaɗon ya karkace da faɗin yatsa biyu, ganye ya hau kan ganye. Ɗamarar da ke jan amalanken tana ɗan zamewa, kwamfuta kuwa ba ta sani ba, tana nan tana ƙirga abinta cikin gamsuwa. Ya ɓata zannuwa da yawa a kan wannan. Daga ƙarshe maganin da ya samo abin dariya ne ga mai kallo: ya kafa ƙusa guda a kusurwar firam, ya ɗan lanƙwasa kanta, ya liƙa wani ɗan harshen ƙarfe a jikin amalanken. Duk sa'ad da aka kunna ta, da duk sa'ad da ta gama layi, sai ta taka a hankali ta koma kusurwa har harshen ya taɓa ƙusar, ya ce ƙis. Nan take kwamfuta ta watsar da tsohon lissafi, ta soma ƙirga daga farko. Tun daga ranar ba ta sake gocewa ba. Idan baƙo ya tambayi dalilin da ya sa take komawa baya, sai ya ce, "Ta tafi gaida ƙusa. In ba ta gaishe ta ba, ba ta san inda take ba."

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, domin ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. A wani taron suna na dangi, a gaban surukai, na ce masa ya zubar da girman gidanmu. Na ce kakanninmu da suka taso daga gabas malamai ne da masu mulki, ba a taɓa jin ɗayansu ya tsufa yana ɗinkin mata da wasan waya ba. Ya dube ni, ya ajiye goron da ke hannunsa, ya tashi ya tafi. Muka yi azumi guda ba mu yi magana ba, ban da sallama a masallaci. Ana saura kwana biyu salla sai 'yarsa ta biyu, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta kawo mini ƙunshi. Sallaya ce mai kaurin auduga da zayyanar ganyen doya, ɗinkin na'urarsa, an ninka audugar daidai inda gwiwa ke sauka, domin ya san gwiwoyina sun soma ba ni wahala. Ba wasiƙa, ba saƙo.

Na je gidansa, amma girman kai bai bar ni na yi godiya kai tsaye ba. Na shimfiɗa sallayar a gabansa na nuna da yatsa. Na ce, "To ga shi, na'urar taka ma tana kuskure. Kowane ganye na biyar a karkace yake."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Wannan kuskuren wata biyu ya ci mini kafin in same shi daidai."

Ya ɗauko tsohon bargon Hajiya ya ajiye kusa da sallayar. Ganye na biyar a karkace, na goma a karkace, haka har ƙarshe. Ya ce, "Nan ne iyakar inda hannunta ke kaiwa. Idan ta zo nan sai ta gyara zama ta jawo bargon, ganyen sai ya ɗan kwanta. Da na fara yi mata miƙaƙƙe, ta shafa ta ce yana da kyau, amma ba nata ba ne." Ya nuna mini maɓallai uku a kan kwamfutar da ya ɗiga wa jan fenti, domin ko da lanƙwasassun yatsu ta iya kunnawa, ta tsayar, ta ce a maimaita. A ranar na fahimci abin da ya yi shekara biyu yana yi. Ban ba shi haƙuri da baki ba. Wannan yana cikin abubuwan da zan tafi da su kabari.

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar kwana shida. Ya bar bargo a ɗaure a kan firam, an yi rabi. Shi ne na farko da ya ce na Hajiya ne ita kanta, domin duk waɗanda suka gabata an rabar.

Abin da aka yi wa bargon nan shi ne abin da har yau ban iya mantawa da shi ba. Da abinci ya yi yawa a makoki, babban ɗan marigayi ya sa aka buɗe shagon, aka tura na'urar jikin bango, aka jera kulolin dafa-duka da miya a kan firam ɗin, a bisa bargon, kamar teburin mai tuwo. Manja ya zuba ya yi tabo kamar faɗin faranti. Wajen turawa ƙusar ta kama masa babbar riga ta yaga, ya fusata ya sa filaya ya fizge ta ya yar. Bayan sadakar bakwai kuma sai surukin gidan, mijin babbar 'yar, wanda yake ganin duk abin da ke da allo ya san shi domin yana sayar da wayoyi, ya ce zai gwada ta. Ya kunna. Amalanken ya taka zuwa kusurwa neman ƙusa, bai same ta ba, ya ci gaba da tura katako yana gurnani. Sai gwanin ya sa yatsa ya danna harshen ƙarfen. Kwamfuta ta ɗauka ta iso, ta soma ƙirga daga inda ba nan ba ne, ta bi ta kan ganyayen da aka gama ta tattake su da zare, allura ta daki katako ta karye. Suka kashe, suka rufe ƙofa, suka yanke hukunci.

Ban sami labari ba sai ranar arba'in. An gama addu'a da safe, mutane suna watsewa, sai na ga wani mai sayen tsoffin ƙarafa tsaye a ƙofar shagon da sikelinsa da guduma da buhu.

Na ce wa babban ɗan, "Wannan kuma me ya kawo shi?"

Ya ce, "Baffa, abin nan kwandem ne. Mun yi testin, ba ya wokin. Kuma kayan gado ne, ba a iya raba shi. Gara a auna a sayar, a yi haya da shagon."

Surukin ya sa baki: "Gaskiya ne, Baffa. Sistem ɗin ya tsufa. Baba ne kawai ya san kansa, shi ma da dabara-dabara."

Na dube su. Mutum biyu masu gemu, ɗaya ya fito daga tsatson wana, ba su iya haɗa jimla guda ta Hausa ba tare da sun yi mata faci ba, su ne suke yanke wa aikin shekara biyu hukunci da guduma. Har kalmar ubansu suka ara, wai a auna. Na ce wa mai ƙarafan ya dakata, kada ya taɓa kome. Ni kaina ban san abin da zan yi ba, domin ban iya kunna ta ba. Abin da na sani kaɗai shi ne akwai wadda ba a tambaya ba.

Hajiya tana cikin takaba. Na tsaya a bakin ƙofarta daga bayan labule, 'yarta malamar makaranta tana ciki tare da ita. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, za a fasa na'urar nan yanzu. Sun ce ta lalace."

Ta ce, "Magatakarda, kai ma ka yarda?" Haka take kirana tun ina saurayi, idan tana so ta tsokane ni.

Na ce, "Ban sani ba. Allura ta karye, ta ɗinka shirme."

Ta ce, "Ba ta lalace ba. Ƙusa suka cire mata. Tun daga nan ɗakin na ji gurnaninta, na san nema take yi."

Na ji motsi, sai hannunta ya fito ta gefen labule, yatsun nan a lanƙwashe. Ta kwance bakin zaninta da ƙyar. Ƙusar ce, da ɗan lanƙwasasshen kanta. Ranar da aka yar da ita ta aiki 'yarta ta tono ta daga cikin shara, ta ƙulle, kwana talatin da wani abu tana kwana da ita a jikinta.

Na ce, "Don me ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, ya fita." Sa'an nan ta ce, "Ka gaya wa yaron nan, idan rabo ne, a sa mini ita cikin tumunina. Ba na son fili, ba na son kujeru. Ita nake so."

Na koma shagon da ƙusar a hannu, na roƙi limamin unguwa, wanda bai riga ya tafi ba, ya shigo ya zama shaida. Malamar makaranta ta biyo ni. Ramin ƙusar yana nan a kusurwa. Ta zauna cikinsa daram kamar ba ta taɓa fita ba. Yarinyar ta sauya allura daga gwangwanin allurai, ta warware zaren shirmen da surukin ya yi, muna tsaye muna kallo, ya ɗauke ta kusan sa'a guda. Sa'an nan Hajiya ta fito cikin mayafinta, ta ratsa tsakar gida zuwa ƙofar shagon ta ciki. Ba ta dubi kowa ba. Ta sa gaɓar yatsa ta danna jan maɓalli na farko.

Amalanken ya taka a hankali zuwa kusurwa. Ya ce ƙis. Ya tsaya kamar mai tunani, ya gangaro daidai inda wana ya tsaya, allura ta sauka. Ganye ya fito, wani ya bi shi, na uku, na huɗu, suka ratsa ta tsakiyar tabon manjan ba su kauce ba. Na biyar ya ɗan kwanta. Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta bar shi a nan.

Mai ƙarafan ne ya fara magana. Ya naɗe buhunsa ya ce, "Alhaji, ni ba na fasa abin da ke da rai. Allah ya jiƙan mai shi." Wannan baƙo, wanda bai taɓa ganin wana ba, ya fi duk masu manyan riguna na zaman makoki iya ta'aziyya.

Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce ya amince a bar wa uwarsa. Na so a ce a nan aka tsaya. Amma surukin ya matso, ya leƙa, ya nuna da makullin motarsa ya ce, "Kai, ashe yana yi! Sai dai akwai ero a nan, wannan ganyen ya karkace. In an ba ni kwana biyu zan gyara shi ya miƙe, sai mu fara kai wa kasuwa."

Ban san sa'ad da na ɗaga sandata na tare gaban kwamfutar da ita ba. Na ce masa, "Wannan karkatar ta girme ka. Ranar da ka miƙar da ita, ka nemi wani Baffan."

Hajiya ta fita takaba makonni kaɗan da suka wuce. Ta gama bargon da hannunta a kan jajayen maɓallan nan, kuma ta hana a wanke tabon manjan. Ta ce a bar shi, jikoki su tambaya, a gaya musu. Da shi take rufa. Ni kuwa sau biyar a yini ina ɗora gwiwoyina a kan sallayar da ban taɓa yi masa godiya a kanta ba, ina roƙa wa wana gafara da rahama, Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini abin da na faɗa masa a gaban surukai.

Duk wanda ya ga kamar na ƙara gishiri a cikin wannan labari, ba ni kaɗai na gani ba. Matar marigayi tana nan da ranta, da 'yarsa ta biyu, da limamin unguwarmu, da babban ɗansa idan kunya ta bar shi ya faɗa. Akwai kuma mai sayen ƙarafan, wanda ya zo da guduma ya koma da buhunsa wayam.